Surukina Ya Rasu Yana Jiran A Zage Shi

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Ranar wata Laraba da hantsi aka kira surukina, ya amsa. Ina shagona na ɗinki a Kebbe maiɗakina ta aiko a ce mini in ajiye abin da ke hannuna. Kafin babur ya kai mu Tambuwal har an gama wanka, ƙofar gida ta cika, an shimfiɗa tabarmi har bakin masallaci.

Na zauna makoki da yawa, amma ban taɓa zama wanda mutane ke kokawa da dariya kamar wannan ba. Mutum zai zo da fuskar jimami, ya durƙusa, a yi addu'a a shafa, ya ce ya haƙuri, a ce da godiya. Sai ya ce, "Allah sarki, ran nan kasuwar Dogon Daji yac ce min..." sai ya kasa ƙarasawa, ya toshe baki da hannun riga. Liman ya tsawata, ya sake tsawatawa, daga baya shi ma muka ga kafaɗarsa tana motsi. Wani mai shanu daga wajen Sanyinna, wanda ya daɗe yana sauke garkensa a gonar marigayin bayan girbi, ya ce shi ba gaisuwa kaɗai ta kawo shi ba. Ya zo ne ya gani da idonsa, don bai yarda akwai abin da zai iya rufe bakin nan ba. Yana faɗa hawaye na bin gemunsa.

A cikin gida kuwa babu mai dariya. Inna, surukata, ta sa aka kira ni bakin ƙofar ɗakinta. Daga bayan labule ta ce, "An faɗa ma na Dutsi?"

Na ce an kira, ɗansa ne ya ɗauka, ya ce zai gaya masa.

"Shi bai amshi wayar ba?"

Na ce bai karɓa ba. Ta ce, "To." Na ja jiki na koma waje.

Ba zan faɗi sunan surukina a nan ba. Ban faɗa yana raye ba, ba kuwa zan fara don ya kwanta dama ba. Baba nake ce masa, kamar yadda 'yarsa ke cewa. Na Dutsi da Inna ke tambaya taubashinsa ne, ɗan kawunsa, mazaunin Dogon Dutsi a ƙasar Nijar, inda aka auro mahaifiyar Baba. Baban Dutsi muke ce masa. Abin da ya shiga tsakanin mutanen nan biyu ne ya sa ni da allura ce sana'ata na ɗauki alƙalami. Ina gudun a riƙa tuna Baba a matsayin mai ban dariya kawai, a manta cewa ya tafi da ciwo a zuciyarsa.

Kowa ya san wasan taubasai. Ɗan mace ubangida, ɗan namiji bawa, kuma idan watan cika-ciki ya kama bawa ya ba ubangidansa ɗan abin shara. Gidaje da yawa sun bar abin. Su biyun nan kuwa kamar don su aka ƙirƙiro shi.

Ranar da na fara zuwa gaisuwar surukai, tun daga Kebbe aka yi mini huɗuba: ka tuɓe takalmi daga nesa, kada ka ɗaga kai, kada ka ci abinci ko an matsa maka. Na shiga zaure, sai na tarar da magidanta biyu, furfura ta fara fito musu, suna kokawa a kan hula. Ɗaya ya zauna a kanta, ɗaya yana jan ƙafarsa. Na durƙusa ina ta gaisuwa babu wanda ya san ina yi. Da ƙyar wanda ya danne hular ya waiwayo.

"Kai na telan?" Na ce ni ne. "Yaro, tun da sauran dama koma gida. Ɗiyar wanga za ka ɗauka? Dubi kunnuwanai da kyau, irinsu za a haifa maka."

Baba, kai ba hula, sanƙo na ƙyalli, ya ce, "Kak ka kula shi, bawana na. Gadonai niy yi wajen uwata, na kai kasuwa an rasa mai tayawa."

Na cije leɓe har na ji ɗanɗanon jini. Suruki ba ya dariya a gaban surukinsa, kuma Allah ya haɗa ni da wanda zama kusa da shi ba dariya azaba ce.

Dillancin hatsi da wake ne sana'ar Baba. Baban Dutsi ke turo masa wake da raguna daga can, shi kuma ya tura gero da masara idan damina ta yi musu gardama. Ban taɓa jin sun gama ciniki ba tare da an kira wani ɓarawo ba. Ragon layyar Baba kowace shekara sunan taubashinsa yake ci, kuma ranar salla sai ya kira shi ya shaida masa an kayar da shi, kitse kuwa babu laifi. Sharar da Baban Dutsi ke bayarwa ita ma sai an yi watan ana faɗa a kanta. Wata shekara ya aiko da ɓarin goro guda a naɗe cikin ganye, wata shekara gurguwar kaza.

Alherin Baba ma sai ya sa masa rigar zagi kafin ya fito da shi. Yana da injin niƙa a ƙofar gida. Idan tsohuwar da mijinta ya rasu ta kwance bakin zane za ta biya, sai ya daka mata tsawa: "Ɗauke tsabarki, injina bai cin kuɗin marowata. Kuma ki bar kawo min dawa da tsakuwa." Ta tafi tana rama masa, ta manta ma sadaka aka yi mata. Shekarar da kekena na ɗinki ya mutu, ni ban gaya wa kowa ba, sai ga sabo an sauke a ƙofar shago. Da yake ba dama ya zagi suruki ido da ido, ta bakin 'yarsa ya aiko: a ce wa mijinki ya gyara masa wuyan riga, ɗinkinsa kamar na mai gyangyaɗi. Mu da muka san shi mun san ƙa'idar. Idan Baba ya gaishe ka da ladabi har da ranka ya daɗe, to koma gida ka binciki kanka, ka yi masa laifi.

Amma ba zan yi masa ƙarya don ƙasa ta rufe shi ba. Baba yana son a san igiyar a hannunsa take. Wata shekara manoman wani ƙauye a gefen Jabo suka kai hatsinsu wurin wani dillali, suka ce ya fi saye da daraja. A lokacin injin Baba kaɗai ne a wajen. Sai ya ce daga ranar kada a niƙa wa matan ƙauyen ko ƙwaya. Mata suka yi ta zuwa da kwanuka a ka suna komawa da su yadda suka zo.

Inna ta ce, "Malam, mazan sunka yi maka laifi, matan kaka horo."

Ya ce, "In hannuwansu sunka yi kanta wajen daka, su za su koro mazan."

Hannuwa suka yi kanta, amma babu wanda aka koro. Kafin kaka ta zagayo mutanen ƙauyen sun yi karo-karo sun sayi nasu injin, suka kafa shi a bakin hanya, inda duk mai zuwa wurin Baba sai ya bi ta gabansa. Har ya rasu bai yarda ya yi kuskure ba. Cewa yake shi ya kawo musu ci gaba.

Sai daminar da sojoji suka karɓe mulki a Nijar. Manyanmu suka fusata, aka rufe iyaka, aka hana kaya shiga da fita, sannan aka yanke wutar lantarkin da ake tura musu daga nan. Wai idan duhu ya ishe su za su sauko a daidaita. Ni abin haushi ya ba ni. A Kebbe da ƙafa nake taka keke tun ina saurayi, ƙwan fitilar da ke shagona har gizo-gizo ya yi gida a kansa. Ashe duk da haka muna da wutar da za mu yi wa wani gori da ita.

Masu zaman hira a rumfar Baba ta kasuwa suka rabu biyu. Wasu suna cewa wannan cin amanar maƙwabtaka ne, wasu suna cewa maganin masu taurin kai ke nan. Waken Baba kuwa yana can a mota a ƙetaren iyaka, ruwa na dukansa. Shi ba ƙin mutanen can yake ba, ai rabin jininsa can yake. A ganinsa masu kaki aka taɓa, kuma abin ba zai wuce 'yan kwanaki ba. "Ku bari ku gani," in ji shi. "Kowa yaj ji duhu shi biɗi mai fitila." Lissafin da ya yi wa matan gefen Jabo ne ya sake yi, bai kuma lura ba.

Abin ya faɗo daidai watan cika-ciki, lokacin shara. Ga shi bai daɗe da koyon aika saƙon murya a waya ba, yana ji da abin kamar yaro da sabon takalmi. Ina wurin ranar, na kawo masa ɗinki. Ya gyara zama, ya yi wa 'yan rumfa alama su yi shiru, ya danna.

"Kai bawa! Ka ji duhu ko? To ni nis sa anka kashe maka. Shekara ta juyo ba ka aiko da sharata ba, kana zaune bisa wakena. Ka aiko, ka ce ubangidana na tuba, in sa a kunna. In ba haka ba ku yi ta cin tuwo cikin duhu har ku sa a hanci, kai da ɗiyanka da jikokinka."

Ya ƙyalƙyale da dariya kafin ya saki, rumfa ta ɗauka gaba ɗaya, duk ya shiga cikin saƙon. Wallahi babu mugunta ko ƙwayar zarra a ciki. Ya faɗi wanda ya fi wannan sau ba adadi, an kuma rama masa da wanda ya fi.

Saƙon bai shiga da wuri ba. Baba ya ce, "Kun gani? Ko cajin waya ya gagare shi." Bayan kwanaki aka ga ya shiga, an ma saurara. Baba ya yi ta murza hannu yana jiran martani, yana cewa bawan yana can yana dafa magana. Shiru.

Direban da ke ɗauko musu wake ne ya kawo labarin. Ya bar motarsa a can, ya biyo ta daji a kan babur. Ya zauna a bakin tabarma yana ta juya hularsa a hannu, sai da Baba ya tsawata masa sannan ya yi magana.

Babban ɗan Baban Dutsi ya daɗe da aure Allah bai ba su haihuwa ba. A daminar nan matarsa ta haihu, mace, amma bakwaini. Aka kai jaririyar wani asibiti a can aka sa ta a kwalba, wadda ke ɗumama irinsu da wutar lantarki. Baban Dutsi ya ɓoye labarin, wai sai ranar suna zai kira Baba ya yi masa gorin ya yi sabuwar amarya shi yana nan da tsohuwa. Sai aka yanke wuta. Injin asibitin ya yi ta aiki ba hutu, ga mai ya yi wuya, yana yi yana tsayawa. Yarinyar ba ta kai suna ba. Ban ce rashin wuta ne ya kashe ta ba. Ajali ajali ne, bakwaini yana tafiya ko da wuta. Amma wa zai iya zuwa ya gaya wa uwarta haka?

Wayar Baban Dutsi ta mutu tun farkon abin. Ranar da maƙwabta suka taru yi masa gaisuwa ne aka samo mata caji wurin wani mai sola. Ɗansa ya duba ya ce ga saƙo daga Tambuwal. Tsohon ya ce, "Ɗan'uwana ya ji. Buɗe da ƙarfi kowa shi ji gaisuwar ɗan'uwana." Aka buɗe. Uwar jaririyar tana bayan zana, ta ji tun daga farko har dariyar ƙarshe.

Baba bai motsa ba. Can ya ce wa direban, "Har da jikokin nic ce?"

"Har da su, Alhaji."

Ya tashi ya shiga gida. Ranar injin niƙa bai ƙara tashi ba.

Da yamma ya kira, maiɗakina tana gefensa. Ya yi ta'aziyya, ya rantse bai sani ba. Baban Dutsi ya saurara har ya gama, sannan ya ce, "Ba komi, Alhaji. Ba ka sani ba. Mun gode da gaisuwa, Allah shi ba da lada, Allah shi bar zumunci." Wani zai ce ai shi ke nan, an yafe. Baba ya ajiye wayar ya dubi 'yarsa ya ce, "Alhaji yac ce min." Tun suna yara mutumin nan bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Kunnuwa.

Daga nan Baba ya shiga jira. Ba gafara yake jira ba, an ba shi ita. Zagi yake jira, ko guda, don shi ne zai nuna masa taubashinsa ya dawo. Iyaka tana rufe, ƙafarsa kuma ba ta iya hanyar daji a kan babur. Duk Juma'a sai ya kira, duk Juma'a a tambaye shi iyali da gajiya da damina, a yi masa addu'a a kashe. Ya daina kunna rediyo. Samarin rumfa suka ci gaba da gardamar ko matsin ya yi aiki ko bai yi ba, shi yana jin su. Sau ɗaya na ji ya sa baki. Ya ce, "Mai kashe wuta daga nesa shika kashewa, bai ganin wa ak kwance." Sai ya koma tsince tsakuwa a cikin samfurin geron da ke gabansa.

A farkon azumi aka ce an buɗe iyaka, an maida musu wuta. Masu kakin da aka ce za su sauko suna nan daram. Bayan salla Baba ya ce in raka shi Dutsi. Ya sayi farantin sola babba da batir, aka ɗaure a saman mota. A hanya ina jin sa yana gwada maganganu ƙasa-ƙasa, yana zaɓen wadda zai fara jefawa. Da muka ƙetare na ga farantan sola a kan shaguna da gidaje. Direba ya ce ko da aka maido wutar babu wanda ya ƙara sakin jiki da ita, kowa ya nemi tasa.

Baban Dutsi ya taryo mu tun daga bakin titi. Ya kama hannun Baba da hannu biyu. Ya shimfiɗa masa sabuwar darduma, shi ya zauna a ƙasa. Aka yanka rago. Ni da nake baƙo sai na ga karramawa, amma da na saci kallon Baba na ga fuskarsa kamar ana zare masa jini. Ya nemi a kai shi wurin uwar jaririyar. Ya durƙusa a gaban yarinyar da a haife ya haife ta ya roƙi gafara. Ta yi kuka ta ce ta yafe, na kuma yarda da ita. Farantin sola kuwa, Baban Dutsi ya yi godiya mai tsawo, washegari muka gan shi a kan rufin masallacin unguwa.

A masallacin nan Baba ya yi ƙoƙarinsa na ƙarshe. Ana sallame azahar ya riga kowa fita, ya ɗauke takalman taubashinsa ya cusa a hammata cikin babbar riga. Da gangan ya bar bakin ɗaya yana leƙowa. Wannan tsohon wasansu ne, a da har sai an tara musu jama'a. Baban Dutsi ya fito, ya dubi inda ya ajiye takalmi, ya dubi hammatar Baba. Na ga idonsa ya tsaya a wurin. Na ga bakinsa ya motsa. Sai ya ce, "Alhaji, bana kamar ruwa za su yi wuri." Ya taka rairayin nan mai zafi da ƙafa ba takalmi har gida, yana zancen damina. Baba yana biye da shi, takalman mutane a hammata, dattijo mai jikoki. Da muka isa ya sunkuya ya ajiye su a bakin zaure, ya daidaita su.

Muka kamo hanyar dawowa har muka shigo ƙasarmu. Sannan ya juyo ya dube ni cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da na auri 'yarsa. Ya ce, "Tela, da ma ya mare ni."

Da watan cika-ciki ya zagayo, tun kafin a tambaya sai ga shara ta iso: goro mai kyau cikin huhu, da shadda, da saƙon gaisuwa ga Alhaji da iyalinsa. Baba ya sa aka raba goron a masallaci, shaddar kuwa ko buɗe ta bai yi ba. Ragon layyar da ya biyo baya haka aka yanka shi ba suna. Da sauran mutane ya ci gaba da tsokana, shi ya sa 'yan kasuwa ba su lura da komai ba. Mu na gida mun san dariyar ba ta kai ciki.

Ni kam na ji haushin Baban Dutsi, ba zan ɓoye ba. Na ce wa maiɗakina wannan horo ya wuce laifi. Ba Baba ne ya yanke wuta ba, waɗanda suka yanke suna can suna sha hannu da juna a hotuna, an bar tsoho da ɗaukar zunubinsu. Ta ce, "Kai ka taɓa riƙa gawar da ba ta cika tafin hannu biyu ba?" Ban taɓa ba, amma haushin bai tafi ba.

Ciwon Baba bai yi tsawo ba. A makonsa na ƙarshe ya sa Inna ta kira masa Dutsi. Baban Dutsi ya daɗe yana yi masa addu'ar samun sauƙi, aya bayan aya. Da aka kashe Baba ya juya fuska bango ya ce, "Addu'a yay yi min, awa liman." Inna ta ce ita ce maganar ƙarshe da ya yi a kan taubashinsa.

Ranar sadakar uku da hantsi wata mota ta tsaya a bakin masallaci, Baban Dutsi ya fito yana dogara sanda. Ya rame ƙwarai. Ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ake yi, ya shiga ya gai da Inna, aka kawo fura bai taɓa ba. Ya fito ya tsaya a kaina ya ce, "Tela, kai ni."

Na goya shi a babur zuwa maƙabarta. Ƙasar kabarin ba ta gama bushewa ba, ƙayar da aka ɗora tana nan ɗanya. Ya tsaya ya yi addu'a mai tsawo, ina bayansa ina cewa amin, zuciyata tana tafasa. Da ya shafa, bai juyo ba ya ce, "Kana ganin ban yafe mai ba."

Ladabi ya ce in yi shiru. Ban yi ba. Na ce, "Baba, ya jira ka. Har ya mutu yana jiran ka."

"Na sani," in ji shi. "Wallahi na yafe tun ran da yak kira. Mi yay yi min? Abin da muka yi tun muna yara shi yay yi. Ran da yas sace min takalmi, maganar ta zaka har nan." Ya taɓa maƙogwaronsa. "Amma duk sa'ad da nib buɗe baki, sai in ji dariyar nan cikin waya, in ga uwar ɗiyar ta fito daga bayan zana tana dubana. Sai bakin shi mutu. Nic ce bari sai baɗi, zuciya ta huce. Ina ce muna da baɗi."

Haushin da na daɗe ina riƙo ya zube a wurin, tausayinsa ya kama ni.

Ya miƙo mini sandarsa. Ya matsa wajen kan kabarin ya tsuguna da ƙyar, ya gyara murya. Muryar da ta fito ba wadda ya yi gaisuwa da ita ba ce.

"Kai, matsoraci! Ka ji ina tafe da magana kag gudu kash shige rame. Duk faɗin Tambuwal nan kaɗai kas samu wurin ɓoyo? Wa yab ba ka izni? Tashi ka rama in kai namiji na."

Ya karkata kai gefe yana saurare, bakinsa a ɗan buɗe, ya riga ya shirya ta gaba. Muka daɗe a haka. Babu abin da ake ji sai kukan kurciya da wani babur can a kan titi.

Can ya miƙo hannu na ɗaga shi. Ya dafa kafaɗata, nauyinsa duk a kaina.

"Bai taɓa bari niy yi ta ƙarshe ba," in ji shi. "Tun muna yara, bai taɓa ba."

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa abin da bakinsa ya faɗa bai sani ba, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya sa yarinyar da ba ta kai suna ba ta ceci iyayenta. Shi kuma wanda aka bari, Allah ya ba shi haƙurin yin magana babu mai rama masa.